Yadda Za Ka Tsufar da Bindigarka Kafin Farautar Suruki

Ɗan'uwa, bi matakan nan, na ba ka tabbaci bindigar da ka sayo a gwanjo makon jiya za ta girmi cocin unguwarku. Maƙwabcina Ekkehard ya gwada a nan garinmu Suhl, aka kuwa dace har abin ya yi yawa. Burinsa ɗaya: surukinsa, tsoho Gottlob, ya sa shi a sahun maharba ranar farautar zomo, ya huta da sahun masu koro da sanda. Tsohon kuwa ba ya ganin kowa da gashi sai mai tsohuwar bindiga.

1. Nemo lambar da ke jikin bindigar, ban da gaggawa

Juya bindigar. Sa tabarau, cire tabarau, ka ce "Uhm." Rabin ilimin bindiga "uhm" ne.

2. Karanta iya abin da ya yi maka

Lambar bindigar Ekkehard 418873 ce. Ya danne 4 ɗin farko da yatsa, ya danne 3 ɗin ƙarshe, sai ga shekarar 1887 ta fito ɓaro-ɓaro. Ba a banza aka yi maka yatsu goma ba.

3. Fake da yaƙi

In wani mai shisshigi ya ce a tambayi masana'anta, sunkuyar da kai ka ce, "Komai ya ƙone a yaƙi." Ba mai tambayar wanne.

4. Tsare katakon ƙasa

Ƙarƙashin katakon da ke tallafe bututun ne masu gwajin bindigogi suka buga wata da shekarar ƙira na gaskiya. Duk wanda ya kai hannu wurin, danƙa masa tsiran alade. Matar gida ta fi haɗari. Da Hiltrud, matar Ekkehard, ta ce, "Kai Ekke, ba ita ce ka shigo da ita a kwali ba?" tari ya sarƙe shi har sai da aka sauya zance.

5. Karɓi yabo

Gottlob ya shafa bindigar, idonsa ya ciko. "Ɗana, ashe haka kake? Wannan ai ta ga kakana da ƙuruciya!"

Daɗi ya kashe Ekkehard. "To Baba, gobe ina zan tsaya?"

"Da wannan? Rufa mini asiri! Ta zamanin baƙin albarushi ce, harsashin yanzu a fuskarka zai tarwatsa ta. Ba ni zan sa 'yata takaba ba."

Ya rataye ta a saman murhunsa, ya miƙo masa sanda. Ekkehard ya dubi katakon nan da zai wanke bindigar ya tona masa asiri, ya dubi tsohon da ya kira shi ɗansa yau karon farko. Ya karɓi sandar.

A kula

In ka tsinci kanka tsamo-tsamo cikin dusar ƙanƙara kana dukan ciyawa tare da karnuka, ba ruwana, kada ma ka biyo ta ƙofata. Tsufa na yi maka alkawari, kuma ta tsufa. Ka sake karantawa, ba inda na ce za ka yi harbi.