Digirin Aro a Zauren Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida iyayen Hauwa'u, yarinyar da nake nema da aure, a Maradun ba. Har yau in na tuna sai zufa ta karyo mini.

Ni dai ban yi jami'a ba. A shagon kwafin takardu na yayana a Talata Mafara na koyi rubuta manhaja, da wata tsohuwar kwamfuta mai zafi kamar kasko. Yanzu wani kamfani nake yi wa aiki daga ɗakina, kuma ba su taɓa tambayata takarda ba, abin da na gina kawai suka duba. Amma a unguwarmu, wanda ke wuni a ɗaki da kwamfuta kuma ba shi da digiri, sunansa ɗan damfara. Shi ya sa ranar da abokina Murtala ya gama jami'a na ari rigarsa ta bikin yaye ɗalibai da hular, na ɗauki hoto na ɗora a wayata. (Ban ce wa kowa tawa ce ba. Ban kuma ce ta aro ce ba.)

Mahaifin Hauwa'u malami ne, gidansu gidan karatu. Tun a mota nake fargaba, don na riga na yanke wa kaina hukuncin cewa da sun ji ban yi jami'a ba, sun hana ni ita.

A zaure na tarar da Malam da wani dattijo mai tabarau, aka ce kawun Hauwa'u ne. Muka yi gaisuwa mai tsawo, har gajiya da damina sai da aka tambaya. Sannan Malam ya ce, "To ɗana, mi kaka yi na sana'a?"

Na yi bayani, ya gyaɗa kai, ya yi shiru. Wallahi bai tambaye ni makaranta ba. Shirun ne ya firgita ni, sai kawai na ji bakina ya ce, "Kuma na yi digiri a fannin, Malam."

"Madalla," in ji Kawu. "Wace jami'a?"

Na faɗi ta Murtala.

"Wa yad duba maka aikinka na ƙarshe?"

Suna ɗaya tak na sani a jami'ar nan, don Murtala ya shekara yana kuka da shi. "Dakta Lawali," na ce. Don ƙaryar ta zauna da gindinta har na ƙara da cewa, "Mutumin kirki ne, sai dai akwai wahalar da ɗalibai."

Kawu ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Haka nika ji ana hwaɗi," ya ce. "Ai ni na Lawalin. Amma huskarka ban taɓa ganinta ba."

Na sunkuyar da kai ina ƙirga zaren tabarma. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, ga tsoro, don na san na rasa Hauwa'u da bakina.

Malam bai ɗaga murya ba. "Hauwa'u ta hwaɗa muna ba ka yi jami'a ba tun watan jiya," ya ce. "Munka aika Mafara anka bincika, anka ce aikinka halal na. Takarda ba ta dame mu ba. Abin da ba ta hwaɗa muna ba shi na kana ƙarya. Tahi, mu yi shawara."

Kafin mota ta bar tasha na goge hoton. Sati bakwai na yi ko abinci ba na jin daɗinsa, Hauwa'u kuma ta yi kwana tara ba ta ɗauki wayata ba. Sai da na koma na durƙusa na nemi gafara kafin aka ba ni ita.

Yanzu duk taron suna ko biki, da Kawu ya hango ni sai ya ce, "Ga ɗalibina nan!" Ni kuwa na gane cewa daga kamfani har surukai, ba wanda ya taɓa neman digiri a hannuna. Mutum ɗaya ne ya matsa sai na kawo shi, kuma shi ne ya ari rigar Murtala.