Ranar da Na Zama Uwar 'Yan Tsaki Shida

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan ɗan yayana a Ƙofar Marke, ana saura 'yan watanni a karɓi mulkin kai. Lokacin ina masinja a gidan gona. Babban malaminmu ya ba ni amanar 'yan tsaki shida farare, irin na Turawa, waɗanda inji ya ƙyanƙyashe, ya ce in rene su a gida a ga ko za su jure zafin Sakkwato. Ya ƙara da cewa idan ɗaya ya mutu, to in nemi wani aikin.

Ni kuwa mutum ne mai fargaba (har yau sai na koma sau uku na duba ko na rufe ƙofa). Na hana su haɗuwa da kajin Inna, kada a sare su. A ɗakina suke kwana. Ni ke ba su dusa, ni ke tono musu gara, in na tashi su bi ni. Inna ta ce, "Waɗanga ɗiyan naka ba su san su kaji ne ba." Na ce mata ai wayewa ce, ba su da faɗa irin na kajinta.

Ran suna na bar su can gefe guda a tsakar gida su sha hantsi, na sa babbar rigata ɗaya tilo, na zauna ƙofar gida gab da liman. An ɗaga hannu ana addu'a sai shirwa ta gitta. Zakaran Inna ya yi wani dogon kuka ƙasa-ƙasa, sau ɗaya tak. Ta ƙofar zaure na hango kaji sun fi ashirin sun ɓace, kowace uwa da 'ya'yanta ƙarƙashin fiffike, gidan ya yi tsit. Wa ya koya musu wannan?

Nawa kam ba su ji yaren ba. Sun tsaya sororo, sai da inuwar ta sauko kansu suka kwasa a guje, suka ratsa zaure, suka tsallake ƙafafun malamai, suka shige rigata su shida.

Na rasa abin yi. In sauke hannu, na yanke addu'a. In motsa, na danne amana. Haka na zauna rigata na motsi tana tsiyau-tsiyau, ɗaya ya leƙo ta wuyana, wani abu mai ɗumi na bin cinyata. Liman ya shafa fatiha, ya dube ni ya ce, "Malam, naka sunan yaushe ne? Shida rigis, Allah shi raya."

Kawu ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Shekara guda ana kirana Uwar Biyu Sau Uku.

Washegari na sake su cikin kajin Inna. Tsohuwar kazarta ta sari kowanne sau ɗaya, ta nuna masa matsayinsa, shi ke nan. Na ga zakara ya tono tsutsa ya ƙi ci, ya kira mata. Na ga wace ke fara shan ruwa, wace ke jira. Ashe sarauta ce sukutum a tsakar gidanmu, ina wucewa ta kanta kullum. Kafin wata ya cika, zakara na kuka nawa su ma suna nutsewa ƙarƙashin rumbu. Na mayar wa babban malaminmu da su shida cif.

Tun daga nan, in aka ba ni amanar mai rai, nakan fara tambayar ina danginsa. Kuma ba na zama kusa da liman.