Sifirin Keken Lantarkina

Da na sayi keken lantarki, makanikin Ƙofar Wambai ya dubi tumbina ya ce, "Baba, sifirin mai tauri ne zai ɗauke ka."

Na ce, "Yaro, sitaci ne ya kumbura rigar. Sa mai laushi." Har a majalisarmu ta Koki na yi alfahari da amsar nan.

Ranar Juma'a na nufo su ina ɗaga hannu kamar ɗan takara. Ina faɗawa rami, sifirin ya durƙushe, keken ya tsaya cak. Ni ban tsaya ba.

Malam Sani, abokina, ya ɗago ni ya ce, "Sannu Alhaji. Sitacin nan akwai nauyi."

Har yau in zan zauna a benci, sai sun tambaya ko an wanke rigar.