Akuyar da Ta Cinye Bishiya Dubu Goma

Jama'a, ku yi mini uzuri idan rubutun yau ya zo muku da warin awaki. Makon nan kaf a neman belin akuya na ƙare shi. E, akuya. Jar akuyar matata Kulu, wadda ta gada daga mahaifiyarta, ga ta da cikin wata huɗu, ita aka kama da laifin cinye bishiya dubu goma a tsaye ɗaya.

Ga yadda abin ya faru. Zaɓen ƙananan hukumomi ya matso, kuma bana muhalli ake yayi. A da, da taliya da atamfa ake yi mana alkawari, yanzu kuwa iska ce, wai mai tsafta. A mazaɓarmu, nan gefen Kademi, mutum biyu ke neman kansila. Na farko, Mai Girma Garkuwan Ganyaye, ya ce zai cika garin da itatuwa har sai mun riƙa fita da tocila da rana tsaka. Na biyu, Mai Girma Sadaukin Shara, ya rantse idan ya ci, ko ƙuda sai ya wanke ƙafa kafin ya shigo mana.

Ranar Talata Garkuwa ya zo dashen bishiya, kuma Allah ya sa ƙofar gidana aka zaɓa. Mota goma sha ɗaya, da makaɗa, da masu hoto, duk sun rako ɗan mangwaro guda ɗaya tal a baƙar leda, bai kai gwiwata ba. Aka haƙa rami, Mai Girma ya durƙusa a kan darduma, ya zura shi har da ledar, ya shayar da shi ruwan roba mai sanyi wanda ni ban sha irinsa ba tun sunan 'yata Fauziyya. Na matsa kusa da maƙwabcina Maikuɗi, direban motar lasifikarsu.

"Maikuɗi, an manta ba a cire ledar ba."

"Haba Malam Kabo, idan an cire da me za a ɗauke shi?"

"A kai shi ina?"

"Ƙarfe huɗu ana dasa shi a Balan. Jiya ma aronsa muka bayar, wani ɗan jam'iyyarmu ya dasa shi a Gafasa."

Ashe mangwaron nan ya fi ni sanin gari. Duk inda aka dasa shi sai lasifika ta sanar da bishiya dubu, namu kuwa shi ne dashe na goma. Wallahi na jinjina musu. Wannan ita ce hikima, ka kafa daji guda ba ka wahalar da ƙasa ba.

Kuskure ɗaya suka yi. Duk ɗan ƙauye ya san idan ka dasa abu, ba ka juya baya sai ka kewaye shi da ƙaya, ko ka kifa masa tsohon kwando. Su kuwa suka watse cin shinkafa suka bar shi tsirara. Ina kallo akuyar Kulu ta fito daga zaure da tafiyarta ta masu ciki. Kafin in ce "kai!" ta yi loma uku. Abin da ya rage a ramin bai fi tsinken sakace ba.

Nan take aka ɗaure ta a ofishin kamfen, lasifika na zagaya gari tana cewa maƙiya ci gaba sun turo akuya ta share dajin talakawa. Kulu ta tare ni a tsakar gida.

"Malam, ita kaɗai ta rage mini daga hannun Inna. Ka je ka dawo mini da ita."

Na je. Na ce a bayan gidana akwai 'ya'yan darbejiya uku da suka fito da kansu, in kawo a madadi. Maikuɗi ya girgiza kai, ya ce an riga an buga fosta da mangwaro. Na ce to a ba ta ko harawa ce. Ya ce kwamitin ciyarwa bai zauna ba tukuna.

Kwana biyu tana can, sai labari ya kai kunnen Sadaukin Shara. Ya turo mutanensa da hayaniya suka kwance ta. Har na fara yi masa addu'a, sai na ga ba gidana suka nufa ba. Wai ita ce jarumar da ta tona asirin azzalumai, dole ta halarci gangamin tsaftace gari a filin ƙwallo ranar Alhamis.

Matsala ɗaya aka samu, filin fes yake, matan unguwa sun share shi. Sai aka yi hayar tifa ta kawo shara daga cikin Gaya, aka juye a tsakiya. Mai Girma Sadauki ya sa safar hannu, ya karɓi sabuwar tsintsiya, ya yi shara uku, ɗaya ga kowane mai hoto. Aka raba fiya wata da ledoji masu ɗauke da fuskarsa yana murmushi. Jaruma kuwa tana ɗaure a gindin tulin sharar tun hantsi har la'asar, an rataya mata ƙyalle a wuya, ana ta hoto da ita, babu wanda ya tuna cewa jarumai ma suna cin abinci. Ta ci abin da ta gani a gabanta.

Da taro ya watse na ja ta gida. Juma'a ta daina tuƙa, ciki ya kumbura kamar ganga. Kulu ta ba ta kanwa, ta ba ta manja, ta zauna a gabanta tana shafa mata wuya. Asabar da safe ta kwanta ta kasa tashi, dole na kira Usaini mahauci kafin ta zama mushe. Kulu ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ni kaina, ba zan ɓoye muku ba, sai da na share hawaye da hular kaina.

Usaini ya farka tumbi, ya yi salati, ya ce, "Malam Kabo, zo ka ga gwamnatin haɗin gwiwa." Ga fostar Garkuwa da ta yago daga bangon ofis saboda yunwa, ga ledar Sadauki, sun cukurkuɗe sun zama dunƙule ɗaya, kowanne da sauran murmushinsa. Ko ganye ɗaya babu. A gefe kuma ga 'ya'ya biyu, har sun yi gashi.

Manya ba su bar mu haka ba, Allah ya saka musu. Garkuwa ya sanar a lasifika cewa haƙƙin bishiya ne ya kama ta. Sadauki ya aiko a tambaye ni ko zan ba da fatar, a kafa a ofishinsa.

Jiya da safe na fito na tarar da Kulu durƙushe a bakin ramin nan na ƙofar gida. Ta ciro ɗaya daga 'ya'yan darbejiyar bayan gida ta dasa, babu leda, babu mai hoto, ta zuba masa ruwan buta. Sannan ta jawo ƙayar magarya ta kewaye shi, ta ƙara wata a kai, har ta yi mini yawa a ido.

Na ce, "Kulu, duk wannan ƙayar ta mece ce? Ai ba mu da akuya yanzu."

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ba don awaki na sa ba, Malam. Saura kwana tara zaɓe."