Katakon da Ya Amsa

Wani ne ya sayo fankar sama ya ɗaura a falo. Da ya kunna sai fukafukanta suka dinga marin wani ƙaton katako da ya ratsa silin daga bango zuwa bango. Mai hankali zai matsar da fanka. Gogan naka ya ce katako ne zai matsa.

Matarsa ta tuna masa cewa babanta, wanda ya zo hutu, yana kwance a ɗakin bene, daidai saman katakon. Don a zauna lafiya ya buga wa kafinta waya. Kafinta ya ce ya ƙwanƙwasa ya saurara: in ya ji rami a ciki na ado ne, in ya ji shi a cike to shi ke ɗauke da benen, kada ya kuskura ya taɓa.

Gogan ya hau tebur ya ƙwanƙwasa. Daga sama suruki ya ce, "Wane ne?"

Ya sauko yana murmushi. "Kin ji ko? Katakon da har mutum ke magana a cikinsa, ai ba ƙaramin rami ba ne."

"Baba ne fa."

"To shi Baban ta ina muryarsa ta biyo?"

Ya ɗauko zarto ya koma kan tebur. Yana kaiwa rabi katako ya fara kuka, ƙasa na zubo masa a ido. Ya ce tsufa ne. Yana gamawa silin ya yi ciki ya nufo ƙasa, sai ya yar da zarto ya tara kai da kafaɗu ya tokare shi. Tebur na ta rawa a ƙarƙashinsa.

"Ki ce wa Baba kada ya motsa!"

Ta ɗaga murya ta faɗa. Tsoho bai ji da kyau ba, ya jawo kujera zuwa daidai wurin, ya zauna don ya saurara. Da abin ya gagara sai ya kira jikokinsa su taya shi ji, suka shigo da gudu suna tsalle. Wuyan gogan ya shige cikin riga, kunnuwa kawai ake gani.

Can kafinta ya iso, don matar ta kira shi tana kuka. Ya dubi katako ya rabu biyu, ya dubi mutum a kan tebur yana zufa, ya riƙe baki.

"Bawan Allah, ban ce kada ka taɓa mai ɗauke da bene ba?"

Daga cikin riga murya ta fito: "Wane ɗauke da bene? Buɗe idonka ka duba, malam. Tun ɗazu ni ke ɗauke da shi, katakon nan ko taya ni bai yi ba."