Sirrin da Duk Kona ta Sani

Shekarar da damina ta ƙi, soja na mulki, ni anka naɗa shugabar bankin hatsin matan Kona. Ma'aikaciya ta zo daga Tasawa da odinatar, wato kwamfuta, ta ce rabon gero ba ya buɗuwa sai da kalmar sirri.

"Inna, zaɓi wadda ba ta fita bakinki."

Na nuna mata ɗana na fari da haɓa. Ta tambaye shi sunansa, ta rubuta. Na koma gida ina jin duk Maradi babu mai wayona.

Ranar rabo, wani ma'aikacin anka turo. Mata sun jeru da ƙorai.

"Inna, kalmar?"

Wace uwa ke kiran sunan ɗan fari? Na ce, "Yaron nan." Ya buga, odinatar ta ƙi. Na ce, "Wancan." Ta ƙi.

"In munka sake kuskure, ta kulle, Inna."

Na gyara mayafi, na juya ga mata. "Wa na fara haihuwa?"

Sunka haɗa baki: "Issufu!"

Ta buɗe. Kowa ta kai gero gida, sunan kuwa bai taɓa leɓena ba.

Har yau, in na rufe ƙyaure, matan Kona ba sa sallama. Tsayawa suke su kira "Issufu", su jira ya buɗe.