Gwangwanin Madara a Gwiwata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ilimi ya kai ni ya baro ba. Lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci na unguwarmu a Daura ba. Na fara haɗa baƙi, ina karanta allon shaguna da ƙarfi ko ba a tambaye ni ba.

'Yata Hauwa'u, mai karatun kimiyya a jami'a, ta zo hutu, na tambaye ta abin da suke yi. Ta ce suna rainon ƙwayoyin guringuntsi a ɗan faranti, sai su haska musu irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Waɗanda suka sha hasken da yawa girmansu ya tsaya, wasu su mutu. Ta ce ƙarfe yakan tare hasken.

Washegari na tsaya gaban aji na juye musu labarin, har da ƙari. (Furfurata ta taimaka, ba wanda ya musa.) Aka fara yi mini kallon masani, ni kuwa ba abin da nake tsoro kamar wannan kallo ya gushe.

Ana nan gwiwata ta kumbura, sallah ma a zaune nake yi. Likita ya ce sai an yi hoto. Ni mutum ne mai haƙuri, na zauna na yi nazari. Na tsaga gwangwanin madara, na daddake shi, na ɗaure a gwiwa da robar taya, na saki wando a kai. Nufina, hoto ya ɗauki ƙashi, ya bar mini guringuntsina.

Malam Idi mai awaki, abokin zamana a aji, shi ya goya ni a babur zuwa asibiti. Mai hoto ya ce in naɗe wando, na ce ƙafarsa matsattsiya ce. Layi ya yi tsawo, ya ƙyale ni ya ɗauki hoton a haka.

Can sai ya fito a firgice.

"Baba, an taɓa sa maka ƙarfe a ƙafa?"

"Ko allura ba na so, yaro."

Ya kira abokin aikinsa, suka ƙura wa hoton ido. Malam Idi ya leƙo yana salati, ya zaci wata muguwar cuta ce. Dole na naɗe wandon. Ga gwangwani, hoton saniya na kallon kowa.

"Malam," in ji Idi, "shayin fa, a ɗaya ƙafar yake?"

Na bayyana musu labarin farantin Hauwa'u. Mai hoto ya share hawayen dariya ya ce hasken hoto ɗaya bai kai ko kusa da abin da ake zuba wa na faranti ba. Aka ce a sake hoto, na koma ƙarshen layi.

Na roƙi Idi ya rufa mini asiri. Ya rantse. Kafin la'asar har masu kanti na tambayata ko in ajiye musu gwangwanaye ko su ajiye mini.

Yanzu na gane: duk dabarar da sai an ɓoye ta cikin wando, ba dabara ba ce.